Rarraba sharar gida a Lafia: abin da masu sarrafawa ke karɓa da abin da ke ɓata shi

A Lafia, babban birnin jihar Nasarawa, kamar a yawancin biranen Najeriya, ba kasafai ake rarraba shara a cikin gida ba. Ɓawon doya, toka, ledar ruwa, robar lemo da gwangwanin tumatir duk buhu ɗaya suke shiga, a kai su bola, sannan 'yan jari-bola su bi su tsinci abin da zai yi kuɗi. Kafin a kai ga tsintar, an riga an yi asarar wani kaso: kwali ya jiƙe, roba ta sha mai da ƙasa.

A harkar sake sarrafa shara, wannan shi ake kira gurɓata. Iri biyu ne. Ko dai kayan da ake so ya ƙazantu da abinci, mai ko ruwa, ko kuma wani abu da ba a so ya shiga cikinsa. Kowanne ya faru, dillali zai rage farashi, wani lokaci ma ya ƙi saye.

Ƙarfe, alminiyum da tagulla ba su da wahalar samun mai saye, shi ya sa 'yan gwangwan ke bin su har ƙofar gida. Kwali da takarda suna da kasuwa muddin a bushe suke. Inda ake samun ruɗani shi ne roba, domin abin da ido ke gani iri ɗaya ba iri ɗaya ba ne a wajen narkarwa. Tun 1988 masana'antun roba a Amurka suka fito da lambobi daga 1 zuwa 7, waɗanda ake bugawa a gindin mazubi. Lamba 1 ita ce robar ruwa da lemo mai garau, wadda ake kira PET. Lamba 2 ta jarkoki ce da mazuban sabulun ruwa. Lamba 3, wato PVC, ita ce ta bututun ruwa, kuma ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya lalata tarin PET idan aka narka su tare. Lamba 4 ta ƙunshi ledoji masu laushi, 5 kuma bokitai da kujeru da yawa, yayin da 6 ta haɗa da farin mazubin abinci mai kama da soso. Ganin lamba a jikin roba bayani ne kan nau'inta kawai, ba alkawari ba ne cewa akwai mai sayenta a kusa.

Nan ne batun jeri guda ya taso. Idan mai tara kaya a Bukan Sidi yana karɓar ledar ruwa, na Tudun Gwandara kuma ba ya karɓa, matar gida ba ta da dalilin wahalar da kanta da warewa. Ingila ta yi fama da irin wannan, inda kowace ƙaramar hukuma ke da nata tsari, har gwamnati ta ƙayyade rukunan kaya iri ɗaya da za a riƙa karɓa ko'ina, dokar da ta fara aiki a wuraren aiki ranar 31 ga Maris, 2025. Ƙasar Sin kuwa, a 2018, ta daina karɓar nau'o'in shara da dama daga waje, ta kuma sa iyakar gurɓata ta kashi 0.5 cikin 100 ga mafi yawan sauran, matakin da ya tilasta wa biranen Turai da Amurka gyara yadda suke tacewa.

A Najeriya akwai tubalin doka. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke kula da tsarin da ya ɗora wa kamfanoni alhakin mazuban kayansu bayan an gama amfani da su. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba, kuma a Janairun 2024 jihar Legas ta haramta farin mazubin abincin nan. Kwashe shara na yau da kullum dai aikin jihohi ne da ƙananan hukumomi, kuma a Nasarawa akwai hukumar NASWAMSA da ke kula da shara da tsaftar muhalli. Sai dai jerin da zai yi aiki a Lafia dole ya taso daga sikelin dillalai. Duk abin da aka ce wa jama'a su ware alhali babu mai saye, bola zai koma, kuma wanda ya ga haka sau ɗaya da wuya ya sake warewa.

Abin da bai kamata ya shiga ba ya fi buƙatar bayani. Nasarawa jihar noma ce, jarkokin maganin feshi suna da yawa a gidaje, kuma wankewa da ruwa ba ta sa su dace da zuba ruwan sha ko mai. Haɗa su da robar lemo haɗari ne ga mai tsinta da mai wankewa. Haka allurar da aka yi amfani da ita, batir, fasasshen gilashi da ƙunzugun jarirai. Robar da aka zuba manja ko baƙin mai a ciki ma takan rasa daraja. Akwai kuma dabarar cika roba da ruwa ko yashi don ta yi nauyi, wadda ke sa dillalai su riƙa zaftare farashi ga kowa, har da mai gaskiya.

Wayar da kai a nan ba ta buƙatar dogon jawabi: a juye abin da ke ciki, a ɗauraye, a bar shi ya bushe, a ware shi daga ragowar abinci. Ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata dama ce ta nuna kayan a zahiri, wannan ana karɓa, wancan ba a karɓa, domin gani ya fi takarda tasiri ga wanda bai yi karatu ba. Tashoshi irin su NBS da Precious FM, masallatai, majami'u, makarantu da masu unguwanni na iya isar da saƙo ɗaya cikin Hausa, Eggon, Alago, Gwandara da Tibi. A Legas, kamfanin Wecyclers da aka kafa a 2012 ya jawo gidaje ta hanyar auna kayansu da ba su maki da ake canzawa da kuɗi ko kayan amfani. A Lafia, masu bi gida-gida da kura sun riga sun san kowane lungu, kuma su ne ke iya cewa a ƙofar gida wace roba za su ɗauka, wacce za su bari, da dalili.