Tsare Sirri a Waya da Kwamfuta: Jagora ga Mazauna Garwa da Arewacin Kamaru

Abin da ke cikin wayar mutum ɗaya a Garwa, Marwa ko Ngaundere ba nasa ne shi kaɗai ba. Akwai lambobin 'yan'uwa, hotunan iyali, asusun Orange Money ko MTN MoMo, hoton katin shaidar ɗan ƙasa, da saƙonnin zauren masallaci ko na makaranta. Idan wayar ta faɗa hannun da bai dace ba, duk waɗannan mutane abin ya shafa. Da yake yawancin wayoyi a wannan yanki da Faransanci ake saita su, an kawo sunayen wuraren saiti yadda suke fitowa a allo.

Abubuwa biyu da suka faru a Kamaru

A ranar 2 ga Nuwamba 2016, kotun soja ta Yawunde ta yanke wa wasu samari uku ɗaurin shekara 10 saboda wani saƙon raha game da Boko Haram da suka tura wa juna a ƙarshen 2014. Wani malami ne ya ƙwace wayar ɗalibi, ya ga saƙon, maganar ta kai ga 'yan sanda. Saboda haka, saƙon da ba ka so a ɗora maka alhakinsa, kada ka tura shi gaba, ko da wasa ne.

A watan Agusta 2020 kuma, kamfanin Upstream ya bayyana cewa ya gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyi kusan 53,000 ƙirar Tecno W2 a ƙasashe da suka haɗa da Kamaru, Gana da Habasha. Da ita aka sayo wayoyin tun suna sababbi, kuma tana yi wa masu su rajistar ayyukan biyan kuɗi ba da saninsu ba. Transsion, mai kamfanin Tecno, ya ce matsalar daga wani mai samar masa da kaya ta fito, kuma ya fitar da gyara. Wanda bai sabunta wayarsa ba, gyara irin wannan ba ya isa gare shi.

Matakan da suka shafi kowace na'ura

Na farko shi ne makullin allo. A sa lambar sirri mai lamba shida ko fiye, wadda ba shekarar haihuwa ba ce, ba kuma 123456 ba. Zanen da ake ja da yatsa yana da sauƙin haddacewa ga wanda ke zaune kusa da kai a mota. A kuma hana saƙonni bayyana a allo yayin da waya ke kulle.

Na biyu, katin SIM. Ɓarawo yana iya cire layi ya sa a wata waya, ya riƙa karɓar saƙonnin tabbatarwa na asusunka. Kunna lambar PIN ta layi yana toshe wannan ƙofa. Amma a kula: kuskure sau uku yana rufe layin, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki.

Na uku, a danna *#06# a rubuta lambar IMEI a takarda. Ana buƙatarta wajen kai ƙarar sata.

Na huɗu, sabuntawa. Duk lokacin da na'ura ta nemi a sabunta ta, ana toshe wata kafa ce da masu kutse suka gano.

Android

Tecno, Itel, Infinix da Samsung duk a kan Android suke. A shiga Paramètres, sai Confidentialité, sai Gestionnaire d'autorisations. A nan za a ga kowace manhaja da abin da aka ba ta izini: kamara, makirfo, lambobin waya, saƙonni da wurin da kake. Manhajar tocila ba ta da hujjar karanta lambobin mutanenka. A cire mata izinin. Daga Android 12 zuwa sama, ɗigo kore yana fitowa a saman allo idan ana amfani da kamara ko makirfo.

Babbar matsala ita ce manhajojin da ake tura wa juna ta Xender ko Bluetooth don tsimin data. Babu wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu. GB WhatsApp da ire-irenta ba daga kamfanin WhatsApp suka fito ba, kuma yana iya rufe asusun mai amfani da su. A sauke manhaja daga Play Store, a bar Play Protect a kunne.

iPhone

A Réglages, ƙarƙashin Confidentialité et sécurité, akwai Suivi. Tun daga iOS 14.5 na Afrilu 2021, dole manhaja ta nemi izini kafin ta bi sawunka a wasu manhajoji. A kashe shi gaba ɗaya. A kunna Localiser domin a iya kulle waya ko goge ta daga nesa. Mai sayen iPhone ta hannu ya tabbatar mai ita na farko ya fita daga asusunsa na iCloud kafin a biya kuɗi.

WhatsApp da asusun kuɗi

Tun Afrilu 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya tsakanin mai aikawa da mai karɓa, don haka 'yan damfara suka fi neman asusun kansa. Sukan kira su ce an tura maka lamba shida bisa kuskure, ka karanto musu. Da zarar ka faɗa, asusunka ya koma hannunsu, su fara roƙon kuɗi da sunanka. Maganinsa Vérification en deux étapes. A riƙa duba Appareils connectés, a cire duk na'urar da ba a gane ba.

Lambar sirrin Orange Money ko MoMo kuwa, ba a faɗa wa kowa, har wanda ya kira ya ce daga kamfani yake. Idan an ce an turo maka kuɗi bisa kuskure, duba asusunka da kanka kafin ka mayar da ko sefa ɗaya.

Kwamfuta

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da ba ta ɗaukar Windows 11 ana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, kuma suna tafiya a kan tsofaffin na'urori. Ɗalibai su guji manhajojin da aka fasa, domin ta nan ƙwayoyin cuta suka fi shiga.

Kalmar sirrin shiga ba ta hana wanda ya cire ma'ajiyar kwamfuta karanta abin da ke ciki. Sai an kulle ma'ajiyar kanta: BitLocker a Windows, FileVault a Mac, a Linux kuma ana zaɓar hakan lokacin girkawa. Makullin ceto da na'ura za ta bayar a rubuta shi a adana, don in ya ɓace bayanan sun tafi.

Wurin caji, wurin gyara da shagon intanet

Idan wuta ta ɗauke aka kai waya wurin caji, a kashe ta tukuna. Kafin a ba mai gyara, a cire layi da katin ajiya. A shagon intanet, bayan buga takarda ko rajistar jarrabawa, a fita daga imel, a goge hoton katin shaida daga kwamfutar shagon da kwandon shararta. Kafin sayar da waya, a fita daga asusun Google sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Abin da doka ta tanada

Doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ta tanadi hukunci kan kutse cikin na'urar wani da keta sirrinsa. Doka mai lamba 2024/017 ta 23 ga Disamba 2024 kuma ta shafi kare bayanan mutane. Wanda aka damfara ko aka ƙwace masa asusu yana iya kiran hukumar ANTIC a 8202, ya kuma kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, tare da hotunan saƙonnin da lambar da ta kira shi.

Sakatarorin masallatai da shugabannin ɗalibai, waɗanda ke riƙe da sunaye da lambobin jama'a, su ne suka fi cancanta su fara ɗaukar waɗannan matakai, domin amana ce a hannunsu. Allah Ya tsare mu.