Talaucin da ya haifi garin New Glarus

A shekarar 1845 mutum 193 suka bar yankin Glarus na ƙasar Suwizalan. Sana'ar saƙa ta ja baya, abinci ya yi wuya, sai aka tura wakilai biyu suka saya musu fili eka 1,200 a yankin Wisconsin na Amurka. Mutum 108 ne suka isa a watan Agusta. Wasu sun yada zango a hanya, wasu sun rasu.

Yau a garin akwai ɗakin karatu na Swiss Center of North America, inda jikokinsu ke bin diddigin asali. Aikin fa da wuya. Maza da yawa sunansu Fridolin, sunan waliyyin Glarus, don haka sai ranar haihuwa a rajistar coci ke raba gardamar wane ne kakan wane.