Piriton a Rana ta Uku

Lokacin da na fara aikin ba da magani a wani asibitin gwamnati a yankinmu na Ikara, Makarfi da Kudan, ba a rubuta illar magani a folda. Mai jinya za ta ce, "Maganin nan bai karɓe shi ba," a sauya wani, shi ke nan. Ƙaiƙayin kulorokwin kuwa ko a lissafi ba ya shiga.

A 2004 NAFDAC ta buɗe cibiyar sa ido kan illar magunguna, Najeriya ta shiga shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1968 bayan thalidomide ya nakasa dubban jarirai. Aka kawo mana fom mai ruwan ɗorawa. Tsakani da Allah, a durowa yawancinsu suka tsufa. Wa zai cika takarda yana jin kamar kansa yake kai ƙara? Sai babbar musiba ce ke tona kanta, irin ta My Pikin a 2008, da aka riƙa kai yara asibiti a Zariya da Legas fitsari ya ɗauke musu. Yara 84 suka rasu.

Wata dabarar kuma, ta bin folda, daga Amurka ta zo. A 1991 masana na Harvard suka fitar da binciken folda sama da 30,000 na asibitocin jihar New York: kashi 3.7 cikin ɗari na majinyata jinyar ce ta cuce su, kuma magani ne kan gaba. Sai dai karanta folda daga bango zuwa bango aiki ne ja. A 2003 wata cibiya mai suna IHI ta yaɗa hanyar bin sawu, wadda daga baya aka ƙayyade mata minti 20 ga kowace folda. Ba labari kake karantawa ba, alama kake nema. Me ya sa aka yi wa mai shan kwinin allurar ruwan sukari tsakar dare? Me ya kawo bitamin K?

Ranar da na fara gwadawa, Baba mai kati ya zube mini folda talatin yana ƙunƙuni. A ta tara na ga wani yaro: rana ta uku an soke Septrin ba dalili, an rubuta Piriton da hydrocortisone. A takardar nas kaɗai aka ce leɓɓansa sun saluɓe. An sallame shi da sunan baƙon dauro.

Amma foldarmu rabin zance take faɗa, don ba ta san kemis ba, ba ta san jiƙo ba. Shi ya sa idan ɗaliban Kwalejin Shehu Idris ta Makarfi suka zo koyon aiki, sai sun rufe folda nake tura su bakin gado su tambaya, "Inna, me aka ba shi kafin ku zo?" Sau da yawa sai ta yi jim, sannan ta kwance bakin zane ta fito da ragowar Fansidar.