Ametis: Dutsen Sarakuna da Yalwa ta Karya wa Farashi

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 18, masu lu'ulu'u a Turai suna lissafa ametis cikin duwatsu biyar mafiya daraja, tare da daiman da yakutu da zumurrudu da safir. A yau kuwa ana sayar da ɗanyensa da kilo. Abin da ya sauko da shi daga wancan matsayi shi ne ya tsara yadda dillalai ke kimanta shi a yanzu.

Ametis nau'i ne na dutsen kwaz mai launin shunayya. Launin yana samuwa ne daga ɗan ƙarfen da ya shiga jikin dutsen, wanda tururin nukiliya na duwatsun da ke kewaye ya yi wa aiki tsawon zamani. Sunan ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin wanda bai bugu ba, domin Girkawa sun ɗauka yana kare mai shi daga maye. Tun wajen shekaru 4,000 da suka wuce, fir'aunonin Masar suna aika ayarin ma'aikata zuwa Wadi al-Hudi, kudu maso gabashin Aswan, don haƙo shi. Larabawa suna kiransa jamasht, kuma Ahmad al-Tifashi, wanda ya rasu a 1253, ya sanya shi cikin duwatsu 25 da ya yi bayaninsu a littafinsa. A Turai ya zama dutsen zoben bishop-bishop, sannan a ƙarni na 18 wanda ake haƙowa a tsaunukan Ural na Rasha ya yi suna saboda zurfin launinsa.

Ƙarancinsa ne ya riƙe wannan daraja, kuma ƙarancin ya ƙare a ƙarni na 19. Daga 1824 Jamusawa suka fara ƙaura zuwa Rio Grande do Sul a kudancin Brazil, cikinsu har da mutanen Idar-Oberstein, garin da ya shahara da sassaƙa duwatsu. A sabon mazauninsu suka tarar da duwatsun aman wuta masu rami a ciki kamar ƙwarya, bangonsu cike da agat da ametis. Suka riƙa tura kayan zuwa gida ta jiragen ruwa. Artigas da ke Uruguay ta biyo baya, daga bisani kuma Zambiya ta shigo kasuwa a ƙarni na 20. Da kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi.

Daga nan ma'auni ya sauya. Tunda manyan ƙwayoyi sun wadata, girma ya daina ɗaga kuɗin kowane karat yadda yake yi wa daiman ko yakutu. Launi ne ya zama alƙali. Wanda aka fi so shi ne shunayya mai zurfi da ke walƙiyar ja ko shuɗi idan haske ya ratsa shi. Har yau 'yan kasuwa suna kiran irin wannan ɗan Saiberiya ko da a Afirka aka haƙo shi. Mai launi fari-fari ba ya kuɗi, haka ma wanda ya yi duhu har ya koma kamar baƙi.

Mai sayen ɗanyen dutse yakan jiƙa shi ya ɗaga shi ga haske. Yana duba ko launin ya game jiki, domin a ametis yakan taru a tsini ya bar gindi fari. Yana neman tsaga da gizo-gizon ciki, saboda mafi yawan nauyin dutse yana tafiya wajen yanka, kuma kuɗin yana kan ɓangaren da ya fita sumul. Taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs, don haka yana karce gilashi, wuƙa kuma ba ta kama shi.

Wata matsala ta ƙaru a shekarun 1970, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta fara ƙera ametis a masana'anta. Sinadarinsa da taurinsa ɗaya ne da na ƙasa, kuma bayan an yanka shi sai ɗakin gwaji ke iya rarrabe su. Zafi ma yana sauya shi: idan aka gasa ametis yakan koma ruwan ɗorawa, kuma yawancin dutsen sitrin da ke kasuwa ta haka aka samo shi.

Wannan tarihi ya shafi Nijeriya, inda ake samun ametis a jihohi irin su Bauchi da Kaduna da Filato, kuma Jos ta daɗe da zama matattarar dillalan duwatsu. Mai haƙa da ya haɗa kayansa wuri ɗaya ya sayar da nauyi yana bayar da ƙwayoyi masu zurfin launi a kuɗin na gama-gari. Wanda ya wanke, ya ware su bisa launi da tsabta, kuma ya guji fasa dutse da guduma ko barinsa cikin rana har ya koɗe, shi ne ke da bakin ciniki a gaban mai saye.