Ƙabilar Massachusett

Massachusett ƙabila ce ta 'yan asalin Amurka da suka zauna a gaɓar tekun da birnin Boston yake a yau. Sunansu na nufin "kusa da babban tudu". A da, masara, wake da kabewa suke nomawa, suna kuma kamun kifi.

Annobar 1616 zuwa 1619 ta hallaka mafi yawansu, har gonaki suka zama kufai. Turawan Ingila ƙarƙashin John Winthrop suka kafa Boston a 1630, suna ɗaukar filin da ba shinge tamkar marar mai shi, alhali yana da masu shi. Agana ta kashe sarkinsu Chickatawbut a 1633. A 1651 mai wa'azi John Eliot ya tara waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu a garin Natick.