Juya Jinsin Karfasa da Ruwan Fadama

A tekun Karibiyan akwai wani kifi mai shuɗin kai wanda idan namijin garke ya mutu, babbar macen cikinsu takan gaje shi: cikin sa'o'i ta ɗauki halinsa, cikin kwana 8 zuwa 10 jakar ƙwanta ta koma mai fitar da maniyyi. Mabuɗin lamarin wani sinadari ne, aromatis, mai mayar da homon na maza ya zama na mata. Da ya lafa, sai mazantaka ta rinjaya. Karfasarmu ba ta wannan juyi bayan ta girma, amma a makonnin farko jinsinta bai kafu ba, har ruwa mai zafin digiri 36 yakan ƙara yawan maza cikin 'ya'yanta.

Zancen ya shafi duk manomin rake a Maƙarfi da Kudan, ko na tumatir a Ikara, da ya haƙa tafkin kifi a gefen fadamarsa. Karfasa maza da mata a tafki ɗaya haihuwa suke yi ba ƙaƙƙautawa. Macen tana goyon ƙwai a baki, ba ta ci, sai tafki ya cika da ƙanana marasa daraja a kasuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu kiwo suka rungumi tarwada duk da tsadar abincinta. Amma idan aka gauraya miligiram 60 na homon metiltestosteron da kilo ɗaya na abinci, aka ciyar da 'ya'yan kifi kwana 21 zuwa 28, fiye da kashi 90 cikin 100 sukan fito maza masu saurin girma.

Masu ƙyamar abin suna tsoron ragowar magani a nama. Hujjar ba ta da ƙarfi, domin jikin kifin yana fitar da shi cikin 'yan makonni, alhali sai bayan wata biyar ko shida ake kai shi kasuwa. Abin damuwa na gaskiya ruwan da aka zubar ne, da hannun mai gaurayawa. A fadama ruwan tafkin wani shi ne na ban ruwan maƙwabcinsa, kuma yana gangarawa rafi inda kifin da ba na kiwo ba ke hayayyafa. Don haka a ganina bai kamata hodar homon ɗin ta isa hannun ƙaramin manomi ba. A tsare aikin a gidajen ƙyanƙyasa masu tace ruwansu, ƙarƙashin idon masana irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, manomin fadama ya sayi 'ya'yan kifi da aka riga aka gama juya jinsinsu.