Daga Bakin Madugu Zuwa Hatimin Fasfo: Tarihin Izinin Ƙetare Iyaka

'Yan uwa membobi, barkanmu da ganin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. A irin wannan rana mun saba waiwaye, kuma bana mun zaɓi mu waiwayi abin da kowannenmu ke ɗauke da shi a aljihun gaba duk sa'ad da ya doshi iyaka, wato takardar tafiya. Matasanmu sun tashi sun tarar ana shiga Kwatano da Lome da Kumasi ba tare da biza ba, har wasu na ɗauka haka abin yake tun fil azal. Wannan dama ba ta cika shekara hamsin ba, kuma a tsawon rayuwar dattawanmu da ke raye an sha ba da ita a janye.

Zamanin ayari

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su san fasfo ba, amma ba su taɓa tafiya ba izini ba. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da jar fata, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa. A kowace ƙasa da aka shiga madugu ne ke zuwa fada ya kai gaisuwa, ya daidaita abin da za a biya, a bakin kogi kuma a biya fito. Idan ya sasanta da sarki, duk wanda ke cikin ayarin ya samu izinin wucewa. Idan an isa zango, mai gida ne ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan tsari suka yi arziki.

Ashe tun wancan zamani abu biyu ake nema a wurin matafiyi: ya biya hakkin hanya, kuma a samu wanda zai ce ya san shi. Su ne dai jami'in shige da fice ke nema yau, sai dai shaidar baki ta koma tawada da hatimi.

Ko a lokacin ma siyasa na rufe hanya. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa Karaci da Kumasi da Akra. Unguwannin zango da yawa da muke sauka a cikinsu yau a Gana a wannan watsewa suka cika.

Turaku a tsakiyar gonaki

A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a kan taswira daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a gaɓar tafkin Cadi. Suka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa turaku. Layin nan mai tsawon kusan kilomita 1500 ya bar Maraɗi a gefe ɗaya, Katsina a ɗaya gefen. Ya raba Tsibiri da Sabon Birni, ya raba Daura da garuruwan da ke arewa da ita. Wanda jiya ya je kasuwar ƙauyen kawunsa, yau an ce ya fita ƙasar waje.

Turawa ba su da isassun ma'aikata da za su tsare wannan layi, don haka mutanen karkara suka ci gaba da zirga-zirgarsu. Mai kaya da yawa shi ya fara jin sauyin, domin shi ne ke bin babbar hanya inda duwan da kwastan suke, shi ake tambaya takardar wucewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin goro ya koma bin teku da dogo, ayarin jakuna ya ja baya, darajar madugu ta bi shi. Alhasan Ɗantata, wanda ya san hanyar Gwanja tun yana saurayi, yana cikin waɗanda suka fara turo goro ta jirgin ruwa zuwa Legas. Kuɗi ma suka rabu: wuri ya kau, wannan gefe sule da fam, wancan gefe faran, daga 1945 kuma sefa.

Korar 1969

'Yancin kai ya zo da abin da ba a saba da shi ba, wato ɗan ƙasa da baƙo a rubuce cikin doka. Wanda ya fara ɗanɗana ɗacinsa shi ne mazaunin zango. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya samo ta ko ya bar ƙasar. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita, akasarinsu 'yan Najeriya, tare da 'yan Nijar da Togo da ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. Cikinsu akwai waɗanda a Kumasi aka haife su, a nan aka binne iyayensu, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba. Ba su nemi takarda ba domin shekara da shekaru babu wanda ya tambaye su. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, basussukan da ke hannun mutane suka bi ruwa.

Yarjejeniyar Dakar

Shekara shida bayan haka, ranar 28 ga Mayu 1975, ƙasashe 15 suka kafa ECOWAS, wadda ake kira CEDEAO a ƙasashe masu Faransanci, a birnin Legas, bisa ƙoƙarin Janar Gowon da Janar Eyadema. Abin da ya fi shafarmu ya zo ranar 29 ga Mayu 1979 a Dakar, inda aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a. An tsara ta hawa uku cikin shekara 15: izinin shiga ba biza, izinin zama, sannan izinin kafa sana'a.

Ya kamata kowane memba ya san abin da hawa na farko ya ce. Ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar zai shiga wata ƙasar ƙungiyar ta mashigar da hukuma ta sani, ya zauna har kwana 90 ba biza, muddin yana riƙe da ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi. In zai wuce kwana 90 sai ya nemi ƙari. Kuma kowace ƙasa ta riƙe ikon hana wanda dokarta ta ce ba ya shiguwa. Wato biza kaɗai aka ɗauke. Takarda tana nan, wa'adi yana nan.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin sanin wannan. Ranar 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shagari, da farashin mai ya faɗi aiki ya yi wuya, ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. An ƙiyasta kusan mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran har da 'yan Nijar da Cadi da Kamaru. Hujjar gwamnati ita ce sun wuce kwana 90. Jakar nan mai zane da muke zuba kaya a ciki har yau, daga wannan kora ta samo sunanta na Gana-mas-go. A Afrilu 1984 kuma gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da fari, hatsi ya daina haurawa arewa, shi ya sa a ƙasar Maraɗi ake kiran yunwar wannan lokaci El-Buhari.

Duk da haka an ci gaba da gini. A 1982 aka kafa inshorar mota ta bai ɗaya mai katin ruwan ƙasa, a 1985 aka amince da takardar tafiya ta ECOWAS, a 2000 aka amince da fasfo mai tambarin ƙungiyar, a 2014 kuma da katin shaida mai ɗauke da hoton yatsu, wanda Senegal ta fara bayarwa a 2016. Kamaru da Cadi ba sa cikin wannan ƙungiya. Shigar ɗan Najeriya can ba biza ta dogara ne ga fahimtar da ke tsakanin ƙasashen, don haka masu bin hanyar Garwa da Marwa da Njamena su riƙa tambayar abin da ya shafi fasfon ƙasarsu kafin su ɗaure kaya.

Hawa na uku shi ne har yau bai tsaya da ƙafarsa ba. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma ce baƙon da zai buɗe harkar ciniki sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. A kanta aka garƙame shagunan baƙi a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. Izinin shiga gari daban, izinin kasa kaya daban.

Abin da muka gani da idonmu

A Agusta 2019 Najeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Sai Disamba 2020 aka buɗe Illela da Maigatari da Seme, Jibiya da Kamba kuwa suka jira har Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake tsayar da manyan motoci a Ƙonni da Ɗan Isa da Gaya, albasa ta ruɓe a kan mota, ba a koma wucewa tsakanin Nijar da Najeriya ba sai Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ƙawancensu na AES ya fito da nasa fasfo.

Bangarorin biyu sun ce jama'a su ci gaba da shige da fice ba biza. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƙasashen uku masu tambarinta har sai an ba da wata sanarwa, AES ma ta ce ƙofarta a buɗe take ga 'yan ECOWAS, tare da riƙe ikon hana wanda ba ta so. Mu lura da bambancin: abin da jiya yarjejeniya ce mai sa hannu, yau sanarwa ce, kuma sanarwa ɗaya na iya shafe wata.

Nesa da gida

Masu zuwa sarin kaya ƙetaren teku sun san wani nauyin daban. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta dawo da ita ba sai Yuli 2024, masu hanyar Dubai suka koma aike da dogaro ga wakilai. Kuɗin neman bizar ƙasashen Turai na Shengen ya tashi daga yuro 80 zuwa 90 a Yuni 2024, kuma in an hana mutum ba a mayar masa da ko sisi. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024.

Cikin Afirka ma da sauran aiki. Aliko Ɗangote ya faɗa a wani taro a Kigali a 2024 cewa yana buƙatar biza 35 don ya zaga nahiyar da fasfonsa. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a a Janairu 2018, ana buƙatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki, amma waɗanda suka yi hakan a shekarun farko huɗu ne: Ruwanda, Nijar, Mali da Sawo Tome. Yarjejeniyar ciniki maras shinge kuwa, wadda aka ƙaddamar a Yamai a Yuli 2019, kusan kowa ya sa mata hannu. An yarda kaya su wuce, mai kayan yana layi. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne Gambiya da Ruwanda sun ɗauke wa duk ɗan Afirka biza.

Abin da ya rage gare mu

A 1969 da 1983 wa'adin mako biyu aka bayar, kuma mako biyu ba ya isa a samo takardar haihuwa daga garin da aka bari shekara talatin. Wanda aka fara kora shi ne wanda ya dogara ga cewa kowa ya san shi. Saboda haka muna roƙon kowane memba ya duba fasfonsa tun da sauran wata shida ya ƙare, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai kai haka ba. A riƙe katin rigakafin shawara, wanda tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai. A bi ta mashigar hukuma a karɓi hatimi, ko da hanyar daji ta fi sauri, domin hatimin ne shaidar ranar shiga. Wanda zamansa zai wuce kwana 90 ya nemi katin zama. Waɗanda suka yi iyali a ƙasar da suke kasuwanci su yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa tun suna goye, yaran mota da masu rakiyar dabbobi ma a nema musu katin shaida.

Aikin da madugu da mai gida suka yi wa kakanninmu, yau ƙungiya ce ta gaje shi: ta san dokar kowace mashiga, ta zauna da jami'ai kafin rigima ta taso, ta tsaya wa ɗanta in an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba. Ba za ta iya tsaya wa wanda ba ta da sunansa ba, don haka duk wanda bai sabunta rajistarsa ba ya ga sakataren reshensa. Wanda kuma aka karɓi kuɗi a hannunsa ba rasit, ya rubuta rana da wuri ya kawo, da irin wannan shaida ake zuwa gaban hukuma.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka share mana hanya, ya kiyaye matafiyanmu, ya sa albarka a kasuwa.